Zuwa Ga Wadda Ta Raina Sakwarata

Maame Pomaa, ruwan farkon damina da ya sauka a gonar da mai ita ya riga ya jingine fartanya! Furen kofi da ke wayar gari ya cika kwarinmu da ƙamshi! Inuwar bishiyar piya da rana tsaka, ƙoramar da ke gangarowa daga kan dutse tana waƙa ba tare da an roƙe ta ba! Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, gaisuwa mai nauyin da takarda ba ta ɗauka sai ta lanƙwashe. Kina lafiya? Yaya gwiwar nan ta hagu? Yaya Kumasi, da Fasto Amankwa, da duk 'yan ikilisiyarku da suka bar ayyukansu suka tsallako iyaka don su rufa wa marayunmu ɗakin kwana? Ki gaya musu an yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya bayan tafiyarku, amma ko ɗigo bai taɓa katifar yaro ba. Kowace safiya yaran suna sa su a addu'a.

Ni ne dai Agbeko, mai tukwanen gidan marayu na Kpalime, mutumin da ya kwafsa a waya ranar Lahadi. Saboda wannan kwafsawar na zauna rubuta miki, da ɗan yaren Asanten da na tsinta a gonakin koko tun ina saurayi. In kin ga kalma ta karkace, ki miƙar da ita yadda kike miƙar da wuyan rigar yaranmu.

Kin kira ni bayan an tashi sujada. Kika ce ɗanki Ofori ya aiko miki da takardun tafiya Kanada, yana so ki tare a can bayan Kirsimeti ki riƙe masa 'ya'ya. Sannan kika ce, “Agbeko, kai me ka ce?” Ni kuwa, ƙaton banza, mai furfura har a gira, na buɗe baki na ce, “Allah ya kiyaye hanya.” Wayyo ni! Allah ya kiyaye hanya! Sai ka ce ɗan kamasho a bakin tasha! Wane irin harshe ne wannan, da ya iya ɗanɗanar gishirin miyar mutum arba'in amma ya kasa furta abin da ke cikin zuciyar mutum ɗaya?

Dada Enyonam, shugabar gidanmu, ta tarar da ni albasa tana ƙonewa a gabana ina kallonta. Ta ce, “Fo Agbeko, yau kuma gawayi za mu ci?” Na faɗa mata abin da ya faru. Ta dube ni tun daga hula har silifa. Ta ce, “Shekara da shekaru ina yi maka kallon mai hankali. Mace ta kira ka daga wata ƙasa, ta tambaye ka me ka ce, ka yi mata addu'ar direbobi? Ajiye ludayin nan. Je ka rubuta mata. In ba haka ba ni zan rubuta, kuma sai na sa har da yadda kake share ɗakin da ta sauka kullum, kamar za ta dawo da yamma.” To, kin ji. Gara ki ji daga bakina.

Kin tuna ranar da kuka iso? Motarku ta tsaya a ƙofa, samari da 'yan mata suka yi ta dirowa da riguna iri ɗaya masu tambarin ikilisiya, suna waƙa, suna sauke fenti da kwanon rufi da katan-katan na magani. Ke ce kika sauko ƙarshe, a hankali, kina riƙe da jakar aikinki kamar mai riƙe da jariri. Aka ce ga ungozoma da ta yi ritaya. Kowa ya tafi kallon yara, ke kuwa kika bi hayaƙi kika faɗo madafata ba ko sallama. Kika tarar ana kirɓa doya. Kika sa yatsa, kika taɓa, kika yamutsa fuska.

Kika ce, “Wannan mene ne?”

Na ce, “Sakwara.”

Kika ce, “Wa ya faɗa maka? Ina rogon? Ina ayabar dafawa? Wannan ai doya ce aka yi wa dukan tsiya ba ta yi laifin komai ba.”

Ya hasken idona, ba a taɓa yi mini cin fuska mai daɗi irin wannan ba! Tun da nake riƙe da taɓarya babu wanda ya raina sakwarata, har manyan baƙi daga Lome sukan nemi ƙari. Na ce miki, “Maame, a ƙasarku danƙo kuke ci, mu a nan abinci muke ci.” Kika yi dariya. Kai, wannan dariya! Kin taɓa jin yadda ruwan sama ke fara sauka a kan ganyen ayaba, ɗaiɗai, kafin ya ɓarke gaba ɗaya? Haka ta zubo. Na tsaya da muciya a hannu na manta abin da nake tuƙawa.

Ranar Asabar aka kafa turmi biyu a tsakar gida, yara su ne alƙalai. Kika ɗaure zani a ƙugu, kika zauna kina juya taki da hannu ɗaya, taɓarya tana sauka kusa da yatsunki ko gezau ba ki yi, ni kuwa kowace sauka sai gabana ya faɗi. Aka zuba miyar gyaɗa a kan tawa, miyar kwakwar manja a kan taki. Yara suka share duka biyun har suna lashe kwano. Da aka tambaye su wa ya ci gasar, sai Akofa, 'yar nan mai giɓi da bakinta ba ya mutuwa, ta miƙe ta ce, “Ba mu gane ba sosai. A sake gobe.” Kika rungume ta kina dariya har hawaye. A ranar na san na shiga uku, shiga ukun da ba na neman fita.

Daga nan idona bai ƙara zama nawa ba. Ina yanka kuɓewa ina leƙen ki ta taga, kin jera yara a ƙarƙashin mangwaro kina duba musu ido da haƙori, kina shafa wa masu ƙazuwa magani da hannunki ba ƙyama, kina tsokanar mai kuka har ya manta da allura. Ba kya jin yarenmu, ba kya jin Faransanci, amma babu yaron da bai gane ki ba. Samarinku suna can bisa rufi suna buga ƙusa, 'yan matanku suna shafa fenti rabi a bango rabi a jikinsu, ke kuma kina tsakiya kamar kazar da duk tsakin unguwa suka ɗauka ita ce uwarsu. Sau nawa na zuba gishiri sau biyu a wancan makon? Tambayi Dada Enyonam, ita ta sha wahalar.

Sai ranar da muka hau ƙauyen bayan dutse raba magani da gidan sauro. Aka ce in bi ku don in yi tafinta. Mun gama ke nan, hadari ya haɗo, ruwa ya tsinke, rafin da muka tsallako da safe ƙafa ko jiƙewa ba ta yi ba ya cika ya batse, ya raba mu da motarmu. Muna fake a barandar makaranta sai ga wani saurayi a guje, jiƙe sharkaf, sunansa Senyo. Matarsa Selase tana naƙuda tun safe, cikin fari ne, abin ya ƙi, ga shi ba hanyar zuwa asibiti. Ban gama fassara miki ba kika riga kika ɗauki jakarki. Ke da kike ƙorafin gwiwa duk hawan nan, kika shige gaba cikin ruwan, ni ina haki a bayanki da lema da iska ta juya.

Kika shiga ɗakin, kika leƙo, kika ce, “Agbeko, tsaya nan bayan labule. Duk abin da na faɗa ka faɗa mata da ƙarfi. In ka leƙo sai na cire maka ido.”

Haka na tsaya, dattijon ikilisiya guda, fuskata tana kallon garken awaki, ina ta kwarara ihu: “Ta ce ki ja numfashi! Ta ce kada ki yi nishi tukuna! Ta ce yanzu! Yi nishi! Yi nishi, 'yata!” Matan ƙauyen da suka taru a zaure suna toshe baki da gefen zani. Selase kuma daga ciki tana zazzaga wa mijinta abin da ba ya faɗuwa. Kika ce, “Me take cewa?” Na ce, “Tana gaishe da maigidanta.” Kika ce, “Ƙarya kake. Na karɓi haihuwa fiye da gashin kanka, na san irin wannan gaisuwar.”

Can sai ɗakin ya yi tsit. Ba kuka, ba magana. Ya Pomaa, ban taɓa jin shiru mai nauyi irin wannan ba. Senyo ya kama hannuna har ƙashi ya yi ƙara. Na ji muryarki ƙasa-ƙasa kina cewa, “A'a, yarinya, ba ki isa ba. Ba ki sa na hau dutsen nan a banza ba. Taso. Yesu, taimake ni. Taso mana!” Na ji kina murza ta da tsumma, na ji kina hura mata iska. Wannan ban fassara wa kowa ba. Na rufe ido ina addu'a, kalmomin suna tuntuɓe da juna a bakina. Sai ga wata 'yar ƙara kamar ta ɗan kyanwa, sai ta ƙaru, sai ta cika ɗakin, ta cika gidan, ta fi ƙarfin ruwan da ke dukan rufi! Mata suka ɓarke da guɗa. Wace ƙungiyar mawaƙa ce ta taɓa rera abin da ya kai kukan nan daɗi?

Da kika fito, ɗankwalinki ya zame, gumi ya jiƙa miki wuya, idanunki sun yi ja. Wallahi, ki yafe mini rantsuwa, ban taɓa ganin mace mai kyau kamarki a lokacin ba. Senyo ya durƙusa a gabanmu yana kuka yana dariya, ya riƙe ƙafata ya yi magana mai tsawo. Kika ce, “Me ya ce?” Na yi tari. Na dubi awaki. Kika ce, “Tafinta, yi aikinka.” Na ce, “Ya ce, Fo, Allah ya yi wa matarka albarka. Ya ce ka yi dace da mata, ka riƙe ta da kyau.” Na ƙara da sauri, “Bari in gyara masa.”

Kika gyara ɗaurin ɗankwalinki, ko kallona ba ki yi ba, kika ce, “Wa ya sa ka? Fassara aka ce ka yi. Ka ce masa na gode.”

Ka ce masa na gode! Ya sanyin ƙirjina, kin san abin da kika yi wa bawan Allah da wannan magana? Tun ranar nake cin ta da safe, in sha ta da rana, in yi matashin kai da ita. Na juya ta gaba, na juya ta baya, kamar mai zaɓen doya a kasuwa, ban sami inda ta ruɓe ba. Da ruwa ya janye muka gangaro, gwiwarki ta tuna da kanta, kika dafa kafaɗata har bakin mota. Hanyar nan mai santsi da kowa ke tsine mata, ni roƙo nake Allah ya ƙara mata tsawo. Malam-buɗe-littafi suka fito bayan ruwan, shuɗi da rawaya, suna ta shawagi a gabanmu kamar an gayyace su biki. Kika ba ni labarin marigayi mijinki, yadda yake waƙa a wurin wanka da muryar da ke korar kaji. Na ba ki labarin matata Afiwa, wadda na binne shekarun baya, da yadda bayan rasuwarta na zo gidan nan don in sami bakunan da zan dafa wa, tunda Allah bai ba mu namu ba. Ba ki ce mini in yi haƙuri ba. Kika dai ƙara matse kafaɗata. Wannan ya fi mini wa'azi goma.

Da kuka tafi, gidan ya zama kamar miyar da aka manta sa wa gishiri: ga komai a ciki, amma ba ta faɗa wa harshe komai. Yara sun yi kwana da kwanaki suna leƙen ƙofa in sun ji ƙarar mota. Ni ban leƙa ba, ni babba ne. Ta taga nake kallo. Piya ta nuna, na ajiye miki mafi girma har ta lalace. Wata ya fito bisa dutse, na ce ko yana haska rufin gidanki a Kumasi? Tsuntsaye suka wuce ta yamma, na ce ga masu sa'a da ba a tambayarsu takarda a iyaka. Haba! Ashe haka abin yake? Na ɗauka irin wannan ciwo na samari ne, ashe furfura ba rigakafi ba ce.

Selase ta sauko makon jiya da jaririyar, ta yi ɓulɓul, kumatu kamar gwanda. Sun sa mata sunanki. Yanzu akwai Pomaa a ƙauyen da babu mai iya faɗin sunan daidai. Sun ce ba za a yi mata baftisma ba sai kin zo kin riƙe ta a gaban ikilisiya. Senyo ya tambaye ni, “Fo, yaushe madam za ta dawo daga ganin gida?” Na ce masa tana nan tafe. Kin ga, kin mai da dattijo maƙaryaci, ke kaɗai kuma za ki iya mai da shi mai gaskiya.

Yanzu bari in amsa tambayarki yadda ya kamata in amsa ta ranar Lahadi.

Ba zan ce miki jikokinki ba su da haƙƙi a kanki ba. Suna da shi, jininki ne. Ofori ɗa ne na gari, wanda ya tuna da uwarsa a lokacin da ya samu, ba zan so in zama ƙaya a tsakaninku ba. Ba zan kuma yi miki ƙarya game da abin da nake da shi ba. Ɗaki biyu ne da baranda, a bayan madafa. Bishiyar piya ɗaya, kaji da ba sa jin magana, tsohon babur da sai an tura shi ranar da ya ga dama. Albashina ba ya cika aljihu. Kuma ba zan iya barin yaran nan ba, ko don ke, domin da yawansu an riga an bar su sau ɗaya. Da na iya barinsu, da ba ni ne mutumin da kika dafa kafaɗarsa ba.

Amma ga abin da nake cewa, da babbar murya, yadda na yi ihu a bayan labulen nan: kada ki tafi ki zauna! Je ki gan su, ki sumbace su, ki koya musu yarenku, ki sha sanyin ƙasar har ya ishe ki, sannan ki dawo. A can za ki zama kaka a cikin ɗaki mai rufaffiyar taga, kina jiran a taso daga aiki. A nan duwatsu cike suke da mata masu ciki da rafi ke raba su da asibiti. A nan akwai yara da suka iya sunanki kafin su iya karatu. A nan kuma akwai wani tsoho da zuciyarsa ta sake toho kamar kututturen koko da aka sare aka fidda rai da shi. Tsohuwar zuma, in ji mutane, da ita ake magani. Me ya sa za mu bar tamu a rufe a tulu?

Pomaa, ki aure ni.

Ga shi na faɗa. Na yi miki alkawari a gaban Allah: ba za ki ƙara ɗaukar ruwa da wannan gwiwar ba. Duk ƙauyen da aka kira ki, ko da rana ko cikin ruwa, ina bayanki da jakarki. Zan yi miki gardama kullum don kada ki yi kewar gida, in kuma bar ki ki ci nasara sau biyu cikin uku. Ranar da ciwo ya zo, ni ne mai jinya. Ranar da kewar mijinki na fari ta taso, ba zan yi kishi da wanda ke wurin Ubangiji ba, zan zauna kusa da ke in yi shiru.

Kada ki wahalar da kanki da rubuta amsa. Na riga na je wurin yayana, Fo Gameli, na faɗa masa. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya aika a wanke masa babban zanensa na zuwa biki. Asabar ta farkon watan gobe, in Ubangiji ya yarda, ni da shi da fastonmu za mu hau mota mu zo Kumasi, mu ƙwanƙwasa ƙofar danginki yadda al'adarku ta tanada, da abin sha a hannu da magana a baki. Zan kuma kira Ofori da kaina, namiji da namiji, in roƙe shi uwarsa. An ce garin masoyi ba ya nisa. In kin ce a'a, ki faɗa mini ido da ido, zan sha ruwa in gode, in koma wa tukwanena, ba kuma zan daina sa ki a addu'a ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. In kuwa amsar ɗaya ce da wadda nake mafarki, to ki gaya wa manyanku kada su tsananta wa baƙi da tambayoyi, mai neman auren ya tsufa, tsayuwa tana ba shi wuya.

Naki jiya, naki yau, naki har Mai Sama ya kira ɗayanmu, kuma ko a can zan nemi a zaunar da ni kusa da ke,

Agbeko